Wa Ke Biyan Kuɗin Mujalla?

Akwai wani dattijo mai sayar da jaridu a Kaduna da na daɗe ina tsayawa a teburinsa. A shekarun baya, ranar Litinin teburin nan ba ya ɗauke kayan da ake kawo masa. Sai ya ɗaura igiya daga jikin bishiya zuwa turken wutar lantarki, ya jera mujallu kamar mai shanya: Newswatch, Tell, TheNews, Citizen, daga baya Fim ta shigo layi, ga kuma Time da Newsweek da ake kawowa daga waje. Jaridu yakan danne su da duwatsu saboda iska. Mai saye ɗaya, masu karatun tsaye goma, ana musu har rana ta take. Kwanakin baya na bi ta wurin. Igiyar tana nan, amma cajar waya da abin sauraro na kunne ne rataye a kanta. Na ce, "Baba, ina mujallu?" Ya ce, "Malam, wa zai saya? In na karɓi goma, takwas kwantai ne. Mai tsayawa ma hoton bangon yake ɗauka da waya, ya yi gaba."

Mafi yawanmu idan aka tambaye mu abin da ya faru, cewa za mu yi waya ce ta kashe mujalla, mutane sun daina karatu. Ni ban yarda da wannan ba. Ba a taɓa zamanin da mutane ke karanta rubutu a kullum kamar yanzu ba. Abin da ya karye shi ne hanyar da ake bi a biya kuɗin aikin, kuma duk faɗi-tashin da mawallafa ke yi cikin shekaru 20 ɗin nan a kan wannan tambaya ɗaya yake: wa zai biya?

Sai an fahimci tsohon cinikin kafin a gane sabon. Kuɗin da aka rubuta a bangon mujalla bai taɓa ɗaukar nauyinta ba, sai a wurare ƙalilan. Takarda, tawada, maɗaba'a, mota, kason dillali, asarar kwantai, duk suna cinye shi kafin a zo kan albashin marubuci. Mai talla ne ke riƙe da gidan. A Amurka har karya farashi ake yi da gangan ga mai biyan kuɗin shekara, a aika masa mujalla gida kusan kyauta, don kawai a je wa kamfanin mota ko na turare a ce masa ga mutum miliyan kaza da za su ga hajarka. A taƙaice, mai karatu shi ne hajar da ake sayarwa. Bugun Vogue na watan Satumbar 2012 ya kai shafi 916, kuma mafi yawansu talla ne.

Google da Facebook suka zo wa mai talla da tayin da ba ya iya ƙi. Maimakon ya sayi shafi guda ya yi fatan mai neman mota zai buɗe shi, sai su nuna tallarsa ga wanda ya gama neman farashin mota a waya minti biyar da suka wuce, kuma su ƙirga masa mutum nawa suka taɓa. Mujalla ba ta da amsar wannan. Karyewar tattalin arzikin 2008 ta zo ta ƙarasa. A 2009 kamfanin Condé Nast ya rufe Gourmet, mujallar girke-girke da ke fitowa tun 1941. A 2010 kamfanin Washington Post ya sayar da Newsweek ga attajiri Sidney Harman a kan dala 1, da sharaɗin ya ɗauki bashin da ke wuyanta. A ƙarshen Disambar 2012 ta daina fitowa a takarda.

Abin da mawallafa suka fara yi da intanet shi ne zuba rubutunsu kyauta. Lissafinsu shi ne jama'a za su taru, talla ta biyo su kamar yadda aka saba. Jama'a kam sun taru, fiye da yadda takarda ta taɓa tarawa. Sai dai talla a intanet ba ta da tsada, saboda shafi ba ya ƙarewa. Mujallar takarda bangon baya ɗaya take da shi, duk mai so sai ya yi ciniki, amma a intanet wurin liƙa talla ya fi masu tallar yawa. Banda haka, an koya wa ƙarni guda cewa rubutu ba abin saye ba ne, kuma har yau ana fama da wannan darasi.

Da iPad ya fito a 2010, mawallafa sun ɗauka mai ceto ya iso. Ga allo mai girman shafi, ga launi, ga shagon da mutum zai biya da taɓawa ɗaya. Mujallar Wired ta sayar da kusan kwafi 100,000 na bugunta na farko a wannan allo. Kafin shekarar ta fita, cinikin bai kai kashi 1 cikin 3 na hakan ba. Bugu guda nauyinsa ya kai megabait 500, sauke shi aiki ne, ba ka iya tura wa aboki labari, kuma Apple na yanke kashi 30 cikin 100 na kuɗin. Rupert Murdoch ya kafa jarida sukutum don iPad, mai suna The Daily, a Fabrairun 2011, ya rufe ta a Disambar 2012. Kuskuren a fili yake yanzu. An ɗauko takarda an manna a gilashi, alhali mai waya labari ɗaya yake so a lokacin da yake so, ba mujalla daga bango zuwa bango ba.

Daga nan aka koma jingina da Facebook. Da kamfanin ya nuna bidiyo yake fifitawa, gidajen yaɗa labarai da dama suka sallami marubuta suka ɗauki masu haɗa bidiyo. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya daɗe yana kuskure wajen lissafin tsawon lokacin da mutane ke kallon bidiyo, alƙaluman sun haura gaskiya. A Janairun 2018 kuma ya sauya tsarinsa, ya fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na gidajen labarai. Cikin dare ɗaya masu shiga shafukan wasu mawallafa suka ragu. Zanen aro ba ya rufe katara. Ɗan jarida ya yi wata uku yana bincike, dandalin da aka liƙa labarin ya kwashe tallar da ta biyo baya: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan duk wannan yawo ne manyan mujallu suka dawo kan mutumin da suka daɗe suna raina kuɗinsa, wato mai karatu. The New Yorker, wadda aka kafa a 1925, ta sa shinge a shafinta a ƙarshen 2014: ka karanta labarai kaɗan kyauta a wata, in kana son ƙari ka biya. The Economist, da ke fitowa tun 1843, dama ba ta taɓa yarda ta yi araha ba, kuma a 2014 ta ƙaro wata manhaja, Espresso, mai kawo gajerun labarai kowace safiya don kada mai biya ya yi mako bai tuna da ita ba. Wadda labarinta ya fi jan hankalina ita ce The Atlantic. Tsohuwa ce, tun 1857. A 2017 kamfanin Laurene Powell Jobs ya sayi mafi yawan hannun jarinta. A Satumbar 2019 ta sa shingen biya, watanni kaɗan kafin annobar korona, lokacin da mutane ke neman bayani mai zurfi ruwa a jallo. A Maris ɗin 2024 ta sanar cewa masu biya sun haura miliyan 1 kuma ta fara cin riba. Abin da ta yi bayan nan shi ne abin lura: ta ƙara yawan bugun takarda daga 10 zuwa 12 a shekara.

Wannan sauyi ba a ofishin kuɗi kawai ya tsaya ba, ya shiga har ɗakin edita. Lokacin da talla ke biya, abin nema shi ne yawan masu dannawa, don haka kanun labari mai yaudara yana da riba. Idan mai karatu ne ke biya, yaudara asara ce, domin ranar da ya ji an raina masa hankali zai janye kuɗinsa. Yanzu abin da ake dubawa shi ne wane labari ne mutum ya karanta har ƙarshe, wanne ne ya sa ya zaro katinsa, kuma me ya sa wani ya tafi bayan wata uku. Daga nan ne aka samo wasiƙun imel da marubuci ke aika wa masu bibiyarsa kai tsaye, da shirye-shiryen murya da ake saurara a mota, da karanta dogon labari da baki ga wanda ba shi da sukunin zama, da wasan cike gurbin kalmomi, da buɗe rumbun tsofaffin bugu. Duk manufarsu ɗaya, a saba wa mutum da leƙowa kullum, kuma a riƙe sunansa da adireshinsa a hannu, ba a bar su wurin Facebook ba.

Ina ganin wannan ita ce hanya mafi lafiya da aka samu zuwa yanzu, amma tana da tabo biyu da ba na son a rufe. Na farko, mai biya ma ubangida ne. Editan da ya san masu ba shi kuɗi duk ra'ayinsu ɗaya zai yi nauyin baki wajen gaya musu abin da ba sa son ji. Na biyu ya fi damuna. Idan duk rubutun da aka tantance yana bayan shinge, ƙarya kuma tana yawo kyauta, to talaka me aka bar masa? Time ta gwada shingen ta cire shi a Yunin 2023, ta koma neman kuɗi wajen masu talla da taruka. Sai dai Time tana da Marc Benioff da matarsa, waɗanda suka saye ta a 2018 a kan dala miliyan 190. Ba kowace mujalla ke da attajirin da zai jira ta ba, kuma jiran attajiri shi ma yana da farashinsa.

Ita takardar fa? Wasu sun yi sallama da ita. Teen Vogue ta daina bugu a 2017, Glamour ta Amurka a farkon 2019. A Fabrairun 2022 kamfanin Dotdash Meredith ya tsayar da bugun mujallu 6 a rana ɗaya, ciki har da Entertainment Weekly da InStyle. A Afirka ta Kudu, Drum, wadda ta yi suna tun shekarun 1950 wajen bayyana rayuwar baƙar fata a ƙarƙashin wariyar launin fata, ta koma intanet kaɗai a 2020. National Geographic ta sallami ragowar marubutanta na dindindin a 2023, ta koma dogaro da marubutan haya. Idan ka duba, yawancin waɗanda takardarsu ta mutu su ne masu sayar da abin da waya ke bayarwa nan take: hoton tauraro, salon ɗinki, wa ya auri wa.

Waɗanda suka riƙe takarda kuwa sun sauya mata aiki. Ta daina tsere da labarin jiya, tunda ba za ta ci ba. Bugu ya ragu, shafi ya ƙaru, takarda ta yi kauri, farashi ya hau. Mako-mako ya koma wata-wata, wata-wata ya koma sau huɗu a shekara. Mujalla ta zama abin ajiyewa a falo, abin ba da kyauta, abin da mutum ke ɗauka idan ya gaji da hasken waya. Monocle, da Tyler Brûlé ya kafa a 2007, a kan haka aka gina ta tun farko, har da shaguna da wuraren shan kofi da gidan rediyo na intanet masu ɗauke da sunanta. Newsweek da kanta ta dawo takarda a Maris ɗin 2014. A Ingila kuma akwai Private Eye, mai fitowa duk mako biyu tun 1961, a kan takarda mai araha, cike da tonon asirin 'yan siyasa da zanen barkwanci. Ta ƙi zuba cikinta a intanet, ɗan tsakure kawai take sawa. Wanda ke son abin da ta tono sai ya saya, kuma tana sayar da fiye da kwafi 200,000 a kowane bugu. Abin da ke cikinta babu shi a wani wuri, wannan ne jarinta.

Akwai kuma cinikin suna. Mujalla da ta shekara 50 tana fitowa ta tara amana, kuma amana tana sayuwa. Jeune Afrique, wadda Béchir Ben Yahmed ya kafa a Tunis a 1960, kuma 'yan bokon Nijar da Kamaru da Chadi suka tashi suna karantawa, ta bar fitowar mako-mako a 2020 ta koma wata-wata, labaran kullum suka koma shafinta na biya. Tun 2012 kamfanin ke shirya taron Africa CEO Forum, inda shugabannin ƙasashe da na kamfanoni ke haɗuwa a birane irin su Abijan da Kigali. Taro yana kawo kuɗi ƙwarai. Amma shugaban da ka shimfiɗa wa darduma yau, da wane alƙalami za ka binciki gwamnatinsa gobe? Haka ma mujallun da ke gwada kaya su ba da shawarar wanda za a saya, su karɓi la'ada idan an saya ta hanyarsu. Cinikin halal ne muddin an gaya wa mai karatu, amma ranar da ya fara zargin la'ada ce ke zaɓar kayan, amanar da ake sayarwa ta ƙare.

Ana cikin haka ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tun Mayun 2024 Google ke ɗora taƙaitacciyar amsa a saman shafin bincike, wadda aka tatso daga rubutun mawallafa, mai tambaya ya ƙoshi ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Mawallafa sun rabu. The Atlantic da Time da Condé Nast sun ƙulla yarjejeniya da OpenAI, kamfanin ƙirƙirarriyar basira, a 2024, wasu kuma sun tafi kotu, kamar yadda New York Times ta yi a Disambar 2023. Wasu sun yi abin da ya fi muni. A Nuwambar 2023 aka gano shafin Sports Illustrated, mujallar da manyan marubutan wasanni suka yi wa hidima shekaru da dama, ɗauke da rubuce-rubuce da sunayen marubutan da babu su a duniya, hotunansu ma na'ura ce ta ƙirƙira. Kamfanin da ke buga ta ya ɗora laifin a kan wani ɗan kwangila. Ko ma wane ne, sunan mujallar ne ya sha kunya.

Idan muka dawo gida, ciwon iri ɗaya ne amma namu ya fi zurfi. Masana'antun takarda na Oku Iboku da Jebba da Iwopin sun daɗe ba sa ciyar da maɗaba'unmu, takarda daga waje ake sayo ta da dala. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Mawallafin da ya yi lissafin bugu da safe, kafin ya tara kuɗin farashin takarda ya tashi. Ba mu taɓa samun tsarin aika mujalla gida-gida ta gidan waya mai ƙarfi ba, don haka mawallafinmu bai taɓa sanin sunan mai karatunsa ba, dillali kawai ya sani. Talla kuma mafi tsoka daga gwamnati take zuwa, da shafukan taya murna ga gwamna ko basarake. Mujallar da ke rayuwa a kan wannan ba sai an rufe mata baki ba, ita za ta kame shi da kanta.

Ina faɗin wannan da ciwo a rai saboda na san abin da mujallun nan suka taɓa yi. Dele Giwa, ɗaya daga cikin mutum huɗu da suka kafa Newswatch, bam ne cikin ƙunshin saƙo ya kashe shi a gidansa ranar 19 ga Oktoban 1986. A 1987 gwamnatin soja ta haramta mujallar na wata 6. A zamanin Abacha, Tell da TheNews a ɓoye ake haɗa su, ana sauya maɗaba'a, ana kwashe bugu a hanya, kuma wakilin TheNews a Kaduna, Bagauda Kaltho, ya ɓace bai dawo ba. Abin da ya riƙe su a lokacin shi ne mutane suna zaro kuɗi su saya. Wannan aiki, na a ba mutum makonni ya bi diddigin magana guda, edita ya zauna ya tace, lauya ya duba, shi ne abin da nake tsoron a rasa. Ko a takarda ya fito ko a waya, wannan bai dame ni ba.

Akwai gwajin da ya fi kama da halinmu. A Afrilun 2020 wasu 'yan jarida a Afirka ta Kudu, Simon Allison da Sipho Kings, suka fara The Continent. Tana fitowa mako-mako, an tsara shafinta daidai faɗin allon waya, ba ta da nauyin da zai cinye data, kuma ta WhatsApp ake aika ta. Kowa ya samu ya tura wa na gaba. Wannan shi ne karatun da muka sani, kwafi ɗaya ya zaga majalisa ya shiga cikin gida ya fito, sai dai yanzu ba ya yagewa. Tana da bango da farko da ƙarshe, kana iya gama ta ka ajiye, abin da shafukan sada zumunta ba sa bari. Amma kyauta ce, tallafin ƙungiyoyi ne ke ɗaukar yawancin nauyinta. Ta warware matsalar rarrabawa, ta bar ta biya. Ni a ganina mujallar Hausa da za ta rayu sai ta haɗa irin wannan rarrabawa da murya, tunda mu mutanen rediyo ne, sannan ta nemi ɗan kuɗi kaɗan daga mutane da yawa ta hanyar tura kuɗi ta waya, wadda yanzu har mai shayi yana karɓa. Wanda ke sayen data kullum zai iya biyan kuɗin rubutu sau ɗaya a wata, in an ba shi abin da ba ya samu a bulus.

Abu na ƙarshe da ba a cika magana a kansa ba shi ne ajiya. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, mai bincike yana iya zuwa ɗakin adana tarihi ya buɗe ta yau. Wanda ke son tarihin finafinan Hausa, dole ya nemi tsofaffin bugun Tauraruwa da na Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999 kuma yanzu take da shafi a intanet. A cikinsu ne za a ga wa ya fito a wane fim, wace rigima aka yi da hukumar tace finafinai, nawa ake sayar da kaset. Shafin intanet kuwa, ranar da mai shi ya kasa biyan kuɗin haya na shekara, aikin shekara 10 yana iya gushewa ba tare da kowa ya ji ƙara ba. Na taɓa neman wata hira da na karanta a wani shafin Hausa shekarun baya, na tarar adireshin ya koma tallar caca.

Da zan bar teburin dattijon nan, sai ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashi. Tsofaffin mujallu ne da bai mayar ba, gefensu ya yi ja, wasu gara ta fara taɓawa. Ya ce ɗaliban jami'a kan zo nema idan suna rubutun kammala karatu, masu ƙosai kuma sun sha tayawa ya hana. Na zaɓi guda uku. Na tambaye shi kuɗinsu, ya ce, "Malam, ba da abin da ya sauwaƙa."